Ido Ba Mudu Ba: Daga Keson Wuri Zuwa Bidon Sefa

Duk shekara, idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, ƴan cin rani da suka yi watanni suna tura kurar ruwa a unguwannin Damagaram sukan ajiye sana'a su koma ƙauye domin shuka. A ɗauki misalin ɗaya daga cikinsu. Tun farkon sanyi yake jefa ƴan dala ashirin-ashirin cikin wani bido mai cin lita 5, har kuɗin suka kawo wuya. Da zai tafi, nauyin abin ya hana shi ɗauka, kuma hanya ba ta da tabbas, sai ya kai shi ajiya wurin wani mai kanti a Sabon Gari, mutumin da ya daɗe yana kai wa ruwa. Ba a ƙirga ba, ba a auna ba, ba a rubuta kome ba. Bayan kaka ya dawo, aka jawo bido daga ƙarƙashin tebur, ya duba ya ga kuɗin sun sauka da kamar yatsu biyu.

"Alhaji, da na bar shi ai ya kai wuya."

"Malam, yadda ka kawo shi haka yake. Sau biyu kawai aka gusa shi lokacin shara."

Daga nan magana ta yi tsami, maƙwabta suka taru, mutuncin shekaru ya fara zubewa. Abin tausayi a irin wannan rigima shi ne, yana yiwuwa dukansu biyu gaskiya suke faɗi. Filin wannan mako zai bi diddigin yadda haka take faruwa, tare da wasu ƴan ƙa'idojin awo da za su amfani duk mai shiga kasuwa, domin yawancin asarar da talaka yake yi wajen saye da sayarwa tana ɓoye ne cikin sunan ma'auni.

Mece ce lita?

Lita ƴar ƙasar Faransa ce. An haife ta a shekarar 1795, lokacin da masu juyin juya hali suka gaji da ɗimbin ma'aunai da suka sha bamban daga gari zuwa gari, suka kafa tsarin mita. Idan aka ƙera akwati mai tsawon santimita 10, faɗi 10, zurfi 10, abin da ya cika shi shi ne lita guda. Ana raba ta gida 100, kowane kashi sunansa santilita. Ko kuma gida 1,000, kowane kashi mililita. Ke nan rabin lita santilita 50 ne, ko mililita 500. Kwalbar da aka rubuta 75 a gindinta kashi uku cikin huɗu na lita take ci, ko da kuwa a ido ta yi kama da ƴar'uwarta mai cin lita cur.

Wannan ɗan bambanci yana da nauyi. Mai babur da ya sha kwalba huɗu na mai a bakin hanya, yana tsammanin lita 4 ya saya alhali kwalaben na 75 ne, lita 3 kawai ta shiga tankinsa. Kuɗin ta huɗun ya tafi a banza. Uwargida mai sayen man gyaɗa a kwalba haka take. A wajen magani kuma abin ya wuce maganar kuɗi. Ƙunshin garin gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na lita guda ne, idan aka dama shi cikin ruwan da bai kai lita ba sai ya yi ƙarfi fiye da yadda likita yake nufi. Cokalin shayi da ake ambata a takardar maganin ruwa mililita 5 ake nufi da shi, cokulan gida kuwa kowane da girmansa, shi ya sa ya fi kyau a riƙe ɗan ma'aunin da ya zo cikin kwalin.

Akwai wata kyauta da lita ta zo da ita: litar ruwa nauyinta kilo guda ne. Wanda yake shakkar girman wani bido, sai ya aza shi a sikeli yana wofi, ya cika shi da ruwa ya sake azawa. Yawan kilon da ya ƙaru shi ne yawan litar da yake ci. Sai dai wannan ƙa'ida ta ruwa ce kaɗai. Litar man gyaɗa wajen giram 920 take, ta man mota wajen giram 750, ta zuma kuwa ta kai kilo 1 da giram 400. Wanda ya sayi mai da kilo ya sayar da lita, ko ya sayi zuma da lita ya sayar da kilo, ya kamata ya san wannan kafin ya yanka farashi.

Galan biyu, suna ɗaya

Damagaram tana da iyaka da Najeriya, kuma kayan da suke shigowa ta Magarya da Matamai sukan zo da harshen awonsu. Ingilishi ya bar wa ƙasar Hausa ta kudu galan, kuma duk da cewa Najeriya ta koma lita tun cikin shekarun 1970, sunan bai fita bakin mutane ba. Matsalar ita ce galan iri biyu ne a duniya. Na Ingila, wanda aka tsayar a shekarar 1824, yana cin lita 4 da mililita 546. Na Amurka yana cin lita 3 da mililita 785. Tsakaninsu akwai mililita 761, wato kusan cikin kwalbar nan ta 75. A kasuwa kuma yau kalmar galan ta zama sunan robar kanta, wata mai cin lita 4, wata mai cin 5. Ɗan kasuwar da ya yi cinikin galan 10 yana nufin mai biyar, aka kawo masa mai huɗu, ya yi asarar lita 10 ba tare da wani ya yi masa ƙarya da baki ba.

Garwar kananzir ta da, wadda ƴan ga-ruwa suka daɗe suna ratayawa a sanda kafin zuwan roba, galan 4 ce ta Ingila, wato lita 18 da ɗan ɗoriya. Tanon ƙarfe kuwa galan 44 ne na Ingila, wanda ya yi daidai da lita 200. Duk mai son juya galan na Ingila zuwa lita sai ya ninka da huɗu da rabi, ya san ya kusa. Na Amurka kuma ya ninka da huɗu ya ɗan rage.

Sai gangar ɗanyen mai, wadda sunanta ya cika rediyo tun da aka buɗe matatar SORAZ a arewacin birnin, kan hanyar Tanut, cikin watan Nuwamba na 2011. An gina matatar domin tace ganga 20,000 a rana. Mutane da yawa idan suka ji ganga sai tano ya faɗo musu a rai, alhali gangar ƴan mai galan 42 ce ta Amurka, wato lita 159. Ganga 20,000 lita 3,180,000 ke nan, ko kuma tano 15,900. Wanda ya ɗauki ganga a matsayin tano zai ce lita miliyan 4, ya yi ƙarin lita 820,000 da babu su. A muhawarar da ta shafi dukiyar ƙasa, irin wannan kuskure yana iya sa a zargi wanda bai ci ba, ko a wanke wanda ya ci.

Ruwan famfo da ruwan bido

Birnin Damagaram yana zaune bisa dutse, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a shekarar 1926. An daɗe ana jawo wa birnin ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. Saboda haka babu garin da ya kamata ya san lissafin ruwa kamar wannan.

Takardar kamfanin ruwa da mita-kub take magana. Mita-kub guda lita 1,000 ce: tano 5, ko bido 50 masu cin lita 20, ko bido 40 masu cin lita 25. Maigidan da yake sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa zai iya sanin nawa mita-kub take tsaya masa idan ya ninka kuɗin bido mai 25 har sau 40. Idan, alal misali, bidon dala 20 ne, mita-kub ta tsaya masa jika 4. Ya ɗauki wannan adadi ya gwada da na takardar maƙwabcinsa mai famfo a gida, zai ga yadda wanda ya fi talauci yake biyan ruwa da tsada fiye da mai hali. Laifin ba na ɗan ga-ruwa ba ne, shi da yake tura bido 10 masu nauyin kilo 250 cikin zafin bazara. Magana ce ta inda bututu ya kai da inda bai kai ba, kuma wanda ya iya wannan lissafi ya fi iya kai kuka gaban magajin gari.

Zamanin wuri

Tambayar kuɗi nawa ne suka cika mazubi tsohuwa ce a wannan ƙasa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ɗan ƙwanson nan na teku da ake kawowa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimana, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, ya riƙe sarauta har rasuwarsa a 1884, ayarin Tarabulus da Gat da Agadas suna sauka a Zango, kuma ƙananan cinikin kasuwa da wuri ake yin su.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga yadda ake wannan aiki a Tasawa a farkon shekarar 1851, kafin ya zo ya zauna a Damagaram a ƙarshen 1852. Ya ba da labarin cewa ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na metan ko na dubu. Hauya ita ce 20, hauya 10 ta ba da metan. Sarakuna sukan ɗura wuri 20,000 cikin jaka ta kaba a ɗinke, irin wadda ake kira keso, amma ɗan kasuwa ba ya karɓar jakar sai ya zazzage ya ƙirga da hannunsa. Wata rana sai da aka haɗa mutum biyar ko shida kafin a gama ƙirga wuri 500,000.

A Kano ta wancan lokaci wuri 2,500 ne suke daidai da dala guda ta azurfa, irin mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Ke nan keso guda dala 8 ne, wuri 500,000 kuma keso 25 ne, ko dala 200. Ƙaramin wurin Maldif ya ɗan ɗara giram guda, don haka keso ya haura kilo 20, kayan mutum guda, keso 25 kuwa sun wuce rabin tan. Dala 200 na azurfa, kowace giram 28, ba su kai kilo 6 ba. Dukiya ɗaya ce, a nan sai an nemo jakuna da raƙuma, a can yaro ya ɗauke ta a ka. Da fataken Turai suka fara malalo wani wurin mai arha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa yana cinye rabo mai yawa daga cikinsa.

Bayan da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, kuɗinsu ya maye gurbin wuri sannu a hankali, sunan dala kuma ya koma kan azurfarsu ta tamma 5 mai nauyin giram 25. Dala 200 sun zama tamma 1,000, nauyinsu kilo 5, daidai cikin ƴar jika guda. Har gobe Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga, tamma 1,000 kuma jika yake ce mata, ko da takarda ce marar nauyi. An ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, amma ba ta iya korar waɗannan sunaye daga kasuwa ba. Ɗan lakwal da yake lissafi da tamma, idan ya shiga Kasuwar Dole ranar Alhamis, dole ya ninka da 5 ko ya raba da 5 a kowane ciniki.

Nawa ne cikin bido?

A koma ga bidon ɗan ga-ruwa. Akwai hanyoyi uku na kintata abin da yake ciki ba tare da an zazzage ba.

Hanya ta farko ita ce ta girma. Ƴar dala ashirin, wato tamma 100, faɗinta milimita 26 ne, kaurinta bai cika milimita 2 ba. Wurin da take ci bai kai mililita guda ba, wajen kashi 9 cikin 10 ne. Da a ce ana iya narka su a zuba, lita guda za ta ɗauki kamar 1,100. Amma kuɗin ƙarfe idan aka watsa su cikin mazubi ba sa kwanciya a jere. Wannan ta jingina da waccan, wata ta tsaya a karkace, iska ta cika tsakani. Wajen kashi 4 cikin 10 na mazubin wofi ne. Mai shakka ya cika gwangwani mai cin lita da kuɗi, ya riƙa zuba ruwa a hankali har ya kawo baki: ruwan da ya shige, wanda zai kusanci santilita 40, shi ne girman wofin.

Idan aka cire wannan, lita guda tana ɗaukar ƴan dala ashirin tsakanin 600 da 700, wato jika 60 zuwa 70. Bido mai lita 5 ke nan yana ɗauke da ƙwaya 3,000 zuwa 3,500, jika 300 zuwa 350. Babban bido mai lita 20 zai ci wajen 13,000, sama da tamma miliyan guda, amma nauyinsa zai kai kilo 90, abin da mariƙin roba ba zai jure ba.

Irin kuɗin da aka zuba ya fi girman mazubin muhimmanci. Ƴar dala biyar ta fi ƴar dala ashirin faɗi da kauri, tana da milimita 27, don haka lita ba ta ɗaukar fiye da 500 da ƴan kai, kimanin jika 13. Ƴar dala ɗari mai launi biyu, wadda ta fito a 2003, lita tana cin wajen 400, kusan jika 200. Bido iri ɗaya, cika iri ɗaya, wani ya sayi akuya, wani ya sayi sa.

Hanya ta biyu ita ce ta ɗanɗano, kuma ita ta dace da asusun da aka gauraya kuɗi iri-iri, kamar na masallaci ko na mai shayi. A sami kofi mai cin rubu'in lita, a ɗebo sau uku, daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, domin abin da aka zuba da rani ba lalle ya yi kama da na damina ba. A ce kofin farko ya ba da tamma 11,000, na biyu 9,500, na uku 8,000. Jimla 28,500, a raba uku, kowane kofi 9,500. Bido mai lita 5 kofi 20 ne, saboda haka abin da yake ciki ya kusanci tamma 190,000.

Hanya ta uku, wadda ta fi sauran gaskiya, ita ce ta sikeli, domin iska ba ta shiga lissafinta. Tsohuwar ƴar dala ashirin giram 7 ce, kilo guda ƙwaya 143 ke nan, tamma 14,300. Ƴar dala goma giram 5, kilo ƙwaya 200, jika 10 cif. Ƴar dala biyar giram 8, kilo ƙwaya 125, tamma 3,125. Da yake waɗanda aka buga a shekarun baya-bayan nan da wani ƙarfe dabam nauyinsu ya ɗan bambanta da na da, kuma hannu yana cin tsofaffin, ya fi kyau a fara ƙirga 100 daga cikin kuɗin a auna su, sa'an nan a auna duka, a cire nauyin mazubi, a raba. Bido mai lita 5 cike da ƴan dala ashirin zai yi kilo 21 zuwa 24.

Asusun ƙasa, irin wanda maginan tukwane na Mirya suke yi, ba shi da rubutun lita a jiki, kuma ba a ganin cikinsa sai an fasa. Dabara ita ce a sayi tagwai tun farko, a bar ɗaya wofi. Nauyin wofin shi ne abin cirewa a sikeli. Idan girmansa ake son sani, a ɗura masa rairayi mai laushi ta bakin, a juye a auna da kwalbar lita. Ruwa ba zai yi ba, domin yumɓu yana sha.

Abin da ya sauke kuɗin

Yanzu an iso ga yatsu biyun da suka haddasa rigima. Duk mai awon hatsi ya san cewa tiyar da aka girgiza ta fi wadda aka zuba a hankali ɗauka, shi ya sa mai saye yake so a girgiza, mai sayarwa ba ya so. Kuɗin ƙarfe haka suke. Waɗanda aka jefa ɗaya bayan ɗaya ta ƙaramin baki suna zama a hargitse. Da zarar an ɗauki bidon an dire, an ja shi a ƙasa, sai su gyara kwanciya, masu tsaye su kwanta, wofin ya ragu, tsibin ya sauka. Saukar kashi ɗaya cikin goma ba abin mamaki ba ce, kuma a bido mai lita 5 wannan ya isa yatsu biyu, ba tare da ko dala ta fita ba. Ɗan ga-ruwa ya ga abin da ya gani. Alhaji kuma mai yiwuwa hannunsa bai taɓa ba.

Mai yiwuwa ne kawai, domin kintace ba ya wanke kowa. Tsakanin jika 300 da 350 akwai jika 50, kuɗin da ya isa a yi shari'a a kansa. Da ranar ajiya an aza bidon a sikelin kantin gaban shaidu biyu, an rubuta kilo kaza da giram kaza, an ɗaure baki an sa alama, da ranar karɓa minti biyu sun isa a kashe magana. Girgiza tana sauke tsibi, amma ba ta rage nauyi.

Shari'a ta daɗe da sanin wannan. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma akwai sura sukutum, Muɗaffifina, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. Zakkar fid-da-kai da sa'i ake fitar da ita, mudun Annabi 4, ma'auni sananne da ba a bar wa ido ba. Abin da ya shafi gado, ko bashi, ko amanar marayu, ko asusun masallaci, ƙirga ake yi ƙwaya-ƙwaya gaban mutane, kamar yadda fataken Tasawa suke zazzage keso ko da daga fada ya fito. Amfanin kintace shi ne mutum ya san inda ya dosa kafin ƙirga, ya kuma gane da wuri idan an ce masa jika 100 a inda ya kamata a ji 300.

Kuɗin da suka kwanta

Saura magana guda. Kowace ƴar dala ashirin da ta kwana wata shida cikin bido, ta bar wani mai tebur yana cewa ba canji, ta bar wata yarinya mai talla tana yawo kanti-kanti. Ƙarancin canji da ake kuka da shi yana da dalilai da yawa, daga ciki har da ƙin karɓar ƴar dala hamsin da kuɗin da suka shafe, alhali bankin BCEAO ya sha nanata cewa halattattu ne. Amma asusun gida ma yana da nasa kason. Mai kanti ko mai gidan mai zai yi murna ya karɓi ƙarfen ya ba da takarda.

Sa'an nan yawan ƙwaya dabam, daraja dabam. A watan Janairu na 1994, dare ɗaya aka karya darajar sefa: tamma 50 da take sayen faran guda na Faransa ta koma 100. Asusun da aka rufe jiya bai rasa ko ƙwaya ba, nauyinsa yana nan, amma abin da zai saya na kayan waje ya ragu ƙwarai. A 2004 kuma, da aka janye takardun kuɗi samfurin 1992, waɗanda suka binne nasu ba su ji sanarwa ba sun ɗanɗana kuɗarsu. Masu keson wuri sun riga kowa ganin irin wannan rana. Abin da aka tara gara a mai da shi tunkiya, ko buhun hatsi lokacin kaka, ko a kai shi asusun ajiya inda ake ba da takarda.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Gaskiya ne, kuma kima tana da ranarta. Amma inda haƙƙin wani ya shiga, a nemo mudun, a duba gindin kwalba, a tambayi galan na nawa ne, a aza bido a sikeli kafin a miƙa shi ajiya. Allah ya tsare mutunci, ya sa albarka cikin abin da aka tara da gumi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba tiya da buhu, da dalilin da ya sa buhun da ake kira na kilo 100 ba kullum yake cika tiya 40 ba.